Tumatir a Kujerar Gefen Taga

A tashar mota wata gajeruwar mata tana tsaye, zaninta duk shatin laka, faratanta sun yi baƙi da taki. Mai rainon dashe ce, tana kai wa manyan masu lambu dashen tumatir. Laima na hannunta, amma rana ƙeyarta take duka, inuwar kuwa tana kan kwandon dashen.

Direba na miƙo hannu zai ɗora kwandon a saman mota, ta yi wuf ta rungume abinta.

"Haba, direba! Kai ka taɓa ɗaure jaririnka a sama iska tana marinsa? In suka yi yaushi, mai lambu ko kallonsu ba zai yi ba."

"To Inna, a kaina zan ɗora su?"

Ga ta nan tana kwance bakin zani, tana biya wa kwando kujerar gefen taga, har da gyara masa zama. Ita kuwa ta tsuguna a ƙasa tsakanin ƙafafun fasinjoji. Da gani dai 'ya'yan cikinta sun girma sun watse, ko kuma suna can gida suna jin haushin tumatir.

Wani mai babbar riga yana matse kusa da kwandon, gumi sharkaf. Yana ganin ta fito da gorar ruwa, ya washe baki, ya miƙo hannu. Ta yayyafa wa dashen tas, sannan ta ɗago.

"Alhaji, ɗan matsa mana, kana tare musu iska."