Takardar Bangon Gidan Burodi a Romi

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Giwa, ni da ƙanwata, da ƙullin kuka da daddawa na tsaraba. Tun da soja suka koma bariki ban taka Kaduna ba. Shingayen hanya sun ragu, ramuka kuwa suna nan inda na bar su. A Mararrabar Jos muka sayi dafaffiyar gyaɗa, mai tallar ta tsuga kuɗi sai ka ce ita aka zaɓa gwamna.

Da hantsi muka haye gada, muka gangara Romi, inda ɗana ya buɗe gidan burodi. Tun daga bakin layi ƙamshi ya tarbe mu. Ma'aikatansa ga na Tudun Wada, ga na Kafanchan, ga na Jos, ana Hausa ana Turanci ana dariya. Shi kaɗai ne fuska ba walwala. Ya ce matar da ke riƙe masa tanda, 'yar Binuwai, za ta ajiye aiki ran Asabar, kuma in ta tafi burodin ya tafi.

"Inna, ban san laifina ba. Ga takarda can na manna, kowa ɗaya ne. Abinci ɗaya, hutu ɗaya, ran Juma'a."

Na iske matar a gindin tanda, na ce 'yata, faɗa mini gaskiya.

"Mama, Oga ba shi da mugunta. Amma wata huɗu ban shiga coci ba. Kuma kullum miyar kuka! Ɓawon burodi nake ci da rana."

Na dubi ƙullin da ke hannuna, na mayar da shi bayan zane.

Na kira ɗan nawa na ce, ku bakwai na haifa. Kai ba ka shan miyar kuɓewa, na taɓa ɗura maka don yayyenka suna sha?

Aka shimfiɗa tabarma bayan azahar, ma'aikata kowa ya faɗi nasa, ɗan nawa yana rubutawa. Masu Lahadi su riƙe tanda ran Juma'a, masu Juma'a su riƙe ran Lahadi. Mai goyo ta fita ta ba da nono. Girki ya riƙa zagayawa, na Jos ya ce lallai a sa gwate, faten garinsu. Aka karanta da Hausa, aka karanta da Turanci, kowa ya sa hannu, ni ma suka ce in dangwala yatsa.

Matar ta fasa tafiya. Washegari ta daka mana sakwara, na ci har ƙanwata ta zungure ni.

Kwana uku muka yi, muka iso Giwa da la'asar da burodi goma sha biyu, maƙwabta suka wawashe kafin in kwance mayafi. Abin da na gano a tafiyar nan, ɗana ya so ya yi adalci tun farko, tambayar mutane ce bai yi ba. Yanzu ya iya.