Zanen da Baba Ya Ƙi Ɗaurawa

Saura wata uku bikina Mama da Baba suka daina magana, a kan bishiyar zogale. Baba ne ya sare ta don ya sami wurin ajiye babur a gidanmu na Barkin Sale, bai shawarci kowa ba, alhali Mama ce ta dasa ta tun ina rarrafe. Daga ranar na zama 'yar aike. Suna zaune a tabarma ɗaya Mama za ta ce, "Gaya wa ubanki tuwo na hucewa." Baba ya ce, "Ce mata na ji." Da farko abin dariya yake ba ni. Da biki ya matso sai tsoro ya kama ni, don ba na so in bar gidan nan iyayena suna gaba.

Ana cikin haka aka tura mu daga wurin aikina a Gidan Kwano zuwa tsibirin Java, koyon dabarun noman shinkafa. Tsohuwar da muka sauka a gidanta kullum tana zaune gaban farin ƙyalle, tana ɗiga masa narkakken kakin zuma da wani ɗan cokali mai bututu. In aka tsoma a rini, ko'ina ya kama ban da inda kakin ya taɓa. Batik suke ce masa. Ta bakin tafinta ta gaya mini kowane zane da ranarsa: akwai na ango da amarya, akwai na mai cikin wata bakwai, har na zuwa ta'aziyya daban yake.

Da ta ji aure zan yi, ta ɗauko guda biyu iri ɗaya, baƙi-baƙi, da ƙananan taurari ruwan ƙasa. Ta ce wannan na iyayen amarya ne. Uwa da uba ke ɗaura shi ranar biki, alamar ƙaunar da ta sake tohowa. Kuma a biki ɗaura shi ake yi sukutum, ba a sa masa almakashi. A raina na ce, baiwar Allah, kamar kin leƙa gidanmu.

Da na dawo gida da su, Mama ta karɓi nata kamar tana gaban mai atamfa a kasuwa. Ta shinshina, ta murza, ta lashi gefe, ta juya bayan.

"Ciki da bai duk ɗaya, abin kirki ne," in ji ta. "To ina sauran turmin? Yadi biyu da rabi, ba riga ba ɗankwali? Yarinya, an cuce ki."

Ta dai jefa shi cikin akwati. Baba kuwa ko taɓawa bai yi ba.

"Zane? Ni? Duk garin nan an san ni tun ina aikin jirgin ƙasa, sai yanzu zan fito ƙofar gida kamar mai shiga wanka?"

Na nuna masa hotunan dattawan Java a waya, kowa da zanensa. Ya duba, ya ce su ma Allah ya shirye su. Ni kuma zuciyar Baban ce da ni. Na dangwarar da zanen a kan babur ɗin da ya jawo rigimar, na ce, "To ku ci gaba. In na tafi sai ku nemi wata 'yar aiken." Na shige ɗaki na sha kukana.

Ranar ɗaurin aure da hantsi, ana sa mini mayafi, sai na hango Baba a tsakar gida cikin 'yar shara mai taurari. Ashe telansa na Sabon Gari ya kai wa, aka datse zanen da tsohuwa ta yi watanni tana ɗigawa! Rigar ma ta ɗangale, da kyar ta rufe masa tumbi, har ya ɗora babbar riga a kafaɗa don ko-ta-kwana. Raina ya ɓaci, na taso zan yi masifa da lallena da komai.

Sai ga Mama ta fito. Ta ɗaura nata zanen, ba inda aka taɓa shi, a kanta kuma ga ɗankwali mai taurarin nan. Nan na gane inda rabin rigar Baba ya tafi. Daga baya telan ya ce Baba cewa ya yi a fara cire ɗankwalin Hajiya, abin da ya rage a yi masa riga.

Baba ya dube ta, ya yi gyaran murya. Na matso ina jiran saƙo.

"Ɗaurinki ya karkace, Hajiya," in ji shi.

"Kai dai ba ka ganin abu ka ƙyale shi ba ka yanka ba," in ji Mama. Ta kama bakin rigar tana ja masa ƙasa. "Tsaya mana, Malam, kada ka ba mu kunya."

Ina tsaye a tsakaninsu, ba wanda ya ce in gaya wa wani komai. Na koma ɗaki da gudu kafin kwallina ya zube.