Faifan da Ban Saka Maka Ba, Kawu Ridvan

Ranar Talata, 13 ga Mayu, 2025, da ƙarfe goma da kwata na safe, Allah ya karɓi ran kawuna, Ridvan Selami, a nan Shepparton. Shekarunsa sittin da shida.

Kawu, a sanarwar rasuwarka an ce kai manomin tuffa ne. Gaskiya ne, amma da saura. Daga 1977 zuwa 1980 kai ne mawaƙi kuma mai jitar ƙungiyar kiɗa ta Cannery Rats, ku huɗu, duk ma'aikatan masana'antar gwangwani. Da punk kuka fara, kiɗan ihu da gudu, har sau biyu ana korar ku daga zauren rawa. A shekara ta uku kuka gaji da ihun, kuka koyi haɗa murya, kuna gajerun waƙoƙi masu zaƙi. Tsoffin masoyanku suka ce kun yi laushi. Gidajen rediyo kuwa suna ganin sunanku sai su kau da kai.

Faifan garmaho ɗaya tak kuka buga, kwafi ɗari uku. Kun ɗauko su daga Melbourne a Janairun 1980, tsakiyar lokacin zafi a ƙasar nan, kuka tsaya wanka a kogin Goulburn, kuka bar kwalayen cikin mota, gilasai a rufe, har awa uku. Goma sha ɗaya ne kawai ba su lanƙwashe ba. Kafin Afrilu kun watse.

Shekara huɗu ina karatun adana kayan tarihi, duk Lahadi kai ke kai ni tashar jirgin ƙasa, da jakar tuffar da ba na iya ɗagawa. A Fabrairun bana, ciwo ya riga ya ci ƙarfinka, ka miƙo mini faifan da ya rage maka.

"Saka mana mu ji, Malama Mai Digiri."

"Kawu, allurar injinka ta tsufa, za ta cinye shi. Bari in nemi na jami'a."

"Abin da rana ba ta kashe ba, allura ce za ta kashe? Ke dai akwai tsoro, kamar uwarki."

An ba ni injin jami'a ranar 20 ga Mayu. Na makara da kwana bakwai.

Jiya na je wurin Denholm Pryce, mai gangarku, shi kaɗai ya saura a cikinku. Na kunna masa waƙar, minti biyu da daƙiƙa hamsin da ɗaya. Ya saurara ido a rufe, sannan ya ce, "Kin ji ko? Shi ya yi saurin shigowa a baiti na biyu. Shekara arba'in da biyar yana ɗora mini laifin." Ya yi dariya, ya share ido, ya ce in sake sakawa.

Na gaji da ƙirga kwana bakwai ɗin nan, Kawu. Ka yafe mini.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sa ƙarshen wahalarka ke nan. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka, Anti Shpresa, da 'ya'yanka Arben da Merita, da mahaifiyata wadda ta rasa yayanta. Allah ya ba mu haƙurin rashinka.