Leah Ba Ta Kulle Ƙofa

A Zuru, duk gidan da tsoho ya kai ga sai an ɗaga shi an kwantar, sunan Leah ake fara kira. Shekara goma sha biyu ke nan tana wannan aiki: wanka, dama kunu, juya majinyaci kada kwanciya ta ci masa baya, da wankin zanen da 'ya'yan cikinsa ma sai sun toshe hanci. Gajera ce, ga ƙarfi, ga haƙuri. Aibinta ɗaya a wurin masu ɗaukarta, ba ta kulle ƙofa a kan mutum.

Ba haka ta faro ba. Aikinta na farko a Manga ne, wajen Mama Dinah, tsohuwar da ruɗewa ta kama, takan fice neman gonar da aka sayar tun tuni. 'Ya'yanta na Kaduna, suka ce in za a fita a sa kwaɗo. Wata safiya cikin Agusta, ruwa kamar da bakin ƙwarya, tsohuwa na ta kukan sanyi a ƙafa. Leah ta hura gawayi a kasko ta ajiye mata kusa da gado, ta toshe taga da tsumma, ta datse kwaɗo, ta tafi kai abinci ga 'yan golmo, samarin da suka zo yi wa mahaifinta noman neman aure. Tausayi ne ya sa ta yi duk wannan. Ba wanda ya taɓa gaya mata gawayi na kisa a rufaffen ɗaki. Da ta dawo ta buɗe, sai ga Mama Dinah kwance a bakin ƙofa, yatsunta cuse a ƙarƙashin ƙyaure.

Kowa ya ce kwana ne ya ƙare. 'Ya'yan har godiya suka yi mata, kuma godiyar nan ita ta fi ci mata rai. Har yau in ta ji an datse kwaɗo, ko a shagon wani ne cikin kasuwa, sai ta ga yatsun nan ƙuru-ƙuru.

Bara ta kama aiki gidan Saje Haggai, tsohon soja, shi ma ya ruɗe. Kullum da hantsi sai ya kafa tsohuwar hularsa ya nufi titi, wai za shi fareti. Leah ba ta hana shi. Bin sa take yi, yana hagu-dama tana gefen da motoci suke, har gindin wani mangwaro, ta ce, "Saje, an tashi fareti," su juyo gida. 'Yan unguwa su yi ta dariya, ita ko a jikinta.

Amma mutum ɗaya ba ya zama ido huɗu. Ran nan tana bayan gida tana shanya, Saje ya sulale, mai babur ya goge shi ya ƙuje masa gwiwa. Kwana biyu sai ga ɗansa Francis daga Abuja, da sabon kwaɗo a leda.

"Anti Leah, ko banɗaki za ki, ki kulle shi."

"Francis, ni ban kulle mutum. Ka samo wata mu zama biyu."

"In mota ta taka shi fa? Mi za ki ce mani?"

Ta san yana da gaskiyarsa. Ta so ta ba shi labarin Manga, bakinta ya yi nauyi. Ya miƙo mabuɗi, hannunta ya ƙi ɗagowa. A ranar aka sallame ta.

Matar da aka ɗauko a madadinta ba muguwa ba ce, tana dai da tebur a kasuwa. Takan ba Saje kunu, ta kulle shi, sai azahar.

Leah yanzu aikin yamma kaɗai take karɓa. Da hantsi za ka same ta zaune kan dutse a ƙarƙashin tagar Saje, tana tsintar wake, kunnenta na ɗaki. Jiya ta ji yana jijjiga ƙyaure.

"Wa ke nan?"

"Ni ce, Saje."

"Leah, an busa bigila. Buɗe mani."

"Ba ni da mabuɗi, Baba."

Ya daina jijjiga ƙyauren, ta miƙe tsaye tana leƙe. Can ya ce, a hankali, "To kar ki tafi."

Ta koma ta zauna.