Zane Mai Marataya Huɗu

Abin da na fara gani ranar da na iso Riyad shi ne wani zane a bangon ɗakin Kaka, a gidan Baffa Sani da ke Jaradiya. Ba mutum a cikinsa, ba tsuntsu, ba bishiya. Shuɗi mai duhu ya cinye rabinsa, jar ƙasa ta ratsa shi a karkace, sai wani ɗan fari a lungun ƙasa. Washegari na tarar farin ya koma sama. Na ɗauka idona ne, ban tambayi kowa ba.

Lokacin sanyi ne. Bayan magariba Kaka takan kunna daffaya, ɗan murhun lantarkin nan mai jan waya, mu matso kusa, ni da Lubna 'yar Baffa. A nan aka haifi Lubna. Hausarta tana ɗingishi, amma bakinta ba ya hutawa.

"Wannan ba tatsuniya ba ce," in ji Kaka, "amma sai kun ce ta zo mu ji ta. In ba haka ba, in ja bargona."

Labarin yayanta ne, Malam Bala, wanda ya koyar da zane a makarantar horon malamai tun kafin a samu 'yancin kai. Da farko yana zana 'yan kasuwa da masu tallar nono, ana yabonsa. Rana ɗaya ya daina zana fuska. Ya koma ɗebo shuni daga marina, ya haɗa da jar ƙasa da lalle da toka. Da ya kai aikinsa Legas, wasu suka ce fenti ne ya zube masa. Bai damu ba. Kowane zane sai ya sa masa marataya huɗu a baya, don a iya rataye shi ta kowane gefe. Kullum da safe yakan juya wanda ke ajinsa, ya tambayi ɗalibai abin da suka gani. Wanda ya maimaita amsar jiya, shi zai share aji. Gara ta cinye sauran ayyukansa, wannan kaɗai ya tsira.

In labari ya ƙare, sai a juya zanen. Lubna ce mai juyawa.

"Yalla, Jidda, in hau kujera?" Da Larabci take kiran Kaka Jidda. Kafin a amsa ta haye. "Yau ruwan sama ne a kan kasuwar Dira!"

"Ji ta, uwar surutu," Kaka ta ce tana dariya. "Idon Yaya Bala ne da ke, wallahi."

Ni kuwa ba a taɓa cewa ina da idon kowa ba. In Kaka ta juyo ta ce, "Ke fa, ƙawata, me kika gani?" sai in sunkuyar da kai in ce shuɗi. Alhali tun makon farko na ga wani ɗan tambarin yatsa a gefen farin, ƙarami, kamar na yarinya. Na adana shi a raina, ina jiran ranar da Lubna ba ta nan.

Ranar ba ta zo ba. Wani maraice tana kan kujera ta ce, "Jidda, yatsan wa ne nan?"

 Kaka ta ce nata ne. Tana ƙarama ta taɓa fentin bai bushe ba, ta tsaya tana jiran duka, sai yayanta ya duba ya ce yanzu aikin ya kammala. Ta share ido da bakin mayafi ta ce wa Lubna, "Ba wanda ya taɓa gani sai ke. In na mutu, zanen naki ne."

Na tashi na ce zan sha ruwa. A kicin na tsaya har kofin ya cika ya zuba min a ƙafa.

Yanzu ina shekarar ƙarshe a sakandare. Kaka ta rasu, su Baffa sun koma unguwar Murabba, zanen yana ɗakin Lubna. Ban daina jin haushinta ba, ba zan ɓoye ba. Amma na gane Malam Bala bai taɓa tambayar wa ya riga gani ba. Yana so ne ka gani ka faɗa, ko da za a yi maka dariya. A ajinsa, da ni ce mai shara kullum.

Ranar Juma'a mun je gidansu. Farin yana nan a gefen da yake tun ranar rasuwar Kaka, ƙura ta kwanta a saman katakon. Lubna tana kwance tana latsa waya. Na ce, "Lubna, don Allah ara min kujerarki in juya shi. In na juya, ki tambaye ni abin da na gani."