Tsatsar Jirgin Maigida

Maigidana mai walda ne. Aikinsa gyaran jiragen da ke zirga-zirga a kogin Thames, ba nisa da gidanmu a Woolwich. Jikan maƙera ne daga Zariya, shi ya sa ko a Landan hannunsa bai rabu da ƙarfe ba.

Akwai wani Bature na zamanin da, wanda ya ɗauka tamkar kakansa a sana'a. Yana cikin mutanen farko da suka ƙera jirgin ruwa da ƙarfe, lokacin da kowa ya san jirgi katako ne. Maigida yakan ba ni labarinsa muna cin tuwo, yadda aka yi ta cewa ƙarfe nutsewa yake yi, yadda ya fara da jiragen tururi masu ɗaukar kaya, daga baya ya koma ƙera na yaƙi. Na taɓa ce masa, "To kai mai ƙera abin kisa kake yabo?" Sai ya ce kakansa ma ya ƙera fartanya, ya ƙera mashi, a maƙera guda.

Da ciwo ya zaunar da shi a gida, sai ya fara ƙera ɗan jirgi mai tsawon hannu, irin na mutumin nan. Ya ƙi yi masa walda, shi da walda ce abincinsa. Ya ce a wancan zamani da ƙusoshi ake haɗa fallayen ƙarfe, a daki kansu har su baje. Da ya gama, ya jiƙa tsumma da ruwan gishiri ya naɗe jirgin, ya ajiye a baranda har ya yi ja.

"Kada ki taɓa tsatsar nan," in ji shi. "Ita ce ke toshe kafofin da guduma ta kasa rufewa."

Ya yi alkawari da abokan aikinsa za a saka jirgin a ruwa a tsohuwar tashar jiragen da ke unguwarmu. Bai kai ba.

Ƙanwarsa ta taso daga Stratford ta zauna da ni har na fita takaba. Mace ce da ba ta iya zama hannu sake. A makon da na fita, babban abokin aikinsa ya kira, ya ce ranar Asabar za su taru, in zo da jirgin. Na leƙa baranda in ɗauko shi, sai na tarar yana ƙyalli kamar tukunyar amarya, ga soson ƙarfe a gefe.

"Yaya, kin ga yadda ya fito?" in ji ta. "Ai ba za a kai wa Turawa kayan ɗan'uwana da datti ba, su ce ba shi da mata a gida."

Na cika baho, na ɗora jirgin. Ya tsaya. Sai ga ruwa yana tsattsafowa ta gindin ƙusoshi, kamar gumi. Muna kallo har ya karkata ya kwanta a ƙasan baho.

Ta dafa bango. "Yaya, na kashe masa jirgi."

'Yata ta dawo daga aiki ta same mu a haka. Da Turanci ta ce a sayo gam a liƙe ta ciki, ba wanda zai gane.

"Babanki ya ƙi walda," na ce, "sai gam zai karɓa?"

Na kwaɓa ruwan gishiri yadda na ga yana yi. Ƙanwarsa ce ta naɗe shi da tsumma. Kullum da safe mu buɗe. Jan da ya fito kaɗan ne, bai kai nasa ba, shi nasa ya yi watanni. Ran Juma'a 'yata ta ce a gwada a baho. Na ƙi. In ya nutse ba ni da ƙarfin zuwa gobe.

Ranar Asabar ana yayyafi. Abokan aikinsa sun jeru a bakin ruwa, wasu sun cire hula. Babban nasu ya karɓi jirgin, ya shafa ƙusoshin da babban yatsa, ya dube ni. Ya ɗaura masa igiya, ya miƙo mini bakinta, ya durƙusa ya sake shi da baya, yadda ake sakin manyan jirage.

Jirgin ya yi tangaɗi. Ƙanwarsa ta kama mayafina tana salati ƙasa-ƙasa. Iska ta ja shi, igiya ta miƙe a hannuna. Na ga ya ɗan karkata hagu. Na so in janyo shi tun bai ba mu kunya ba, amma na ƙara sakar masa igiya, sai da ta ƙare.

Da na jawo shi, babban nasu ya ɗaga shi ya juye. Ruwan da ya zubo bai cika ludayi ba.

"A bar shi haka," in ji shi. "Kada a goge. Sauran zai toshe da kansa."

Ƙanwarsa ce ta rungumo shi har gida, jan tsatsa yana ɓata mata riga.