Ranar da Baban Rifkatu Ya Sa Ni Gaba

Ya sani ne, ko bai sani ba? Rifkatu 'yata, fara rubuta wannan, don har yau ban sami amsa ba. Tun aurenmu babanki ne ke gaba, ina bin sa da kaya. Ban iya karatu ba, shi ne idona a hanya. Me ya sa ranar da za mu asibitin koyarwa ya ce ni zan ja gaba?

Kafanchan

Mun fita zakara bai yi cara ba. A tasha, babanki, tsohon ma'aikacin reluwe, ya tsaya kamar baƙo.

"Maman Rifkatu, tambayo mana motar Kaduna."

"Ciwon ya kai baki ne?"

"Ciki ke ciwo, amma yau baki yana hutu."

Na tambayo, ina ƙunƙuni.

Kachia zuwa Mararaban Rido

A shingen sojoji wani ya leƙo ya ce, "Mama, ina zuwa?" Na zunguri babanki, ya rufe ido. Na ce, "Asibiti, ɗana. Wannan mai barcin ƙaryar zan kai." Motar ta ɗauki dariya. A Kasuwan Magani na saya masa gasasshiyar masara, ya sansana kawai ya miƙo mini.

Asibiti

Ashe gari ne guda! Matar da ke teburin tambaya ta ɗauki biro za ta rubuta mini hanya, na ce ta bar wahalar da kanta. Sai ta taso ta nuna mini da hannu: wajen yankan kati kusa da mangwaro, ɗakin ɗiban jini bayan matakala, ɗakin magani mai shuɗiyar ƙofa. Babanki yana kan keken marasa lafiya yana raɗa musu suna. "Kati Kafanchan ne, jini Zonkwa, magani Kaduna. Jirgi ba ya tsallake tasha."

Aka ba shi gado. Ni na shimfiɗa tabarma a baranda tare da masu jinya, wata Bafulatana tana raba furarta da ni.

Ran nan nas ta ba ni takarda ta ce in karɓo magani da sauri. Na dubi babanki, ya juya fuska bango. Na fita. Na sha kwana inda bai kamata ba, sai ga ni cikin masu ciki. Ungozoma ta ce, "Mama, wata nawa?" Na koma mangwaro na sake farawa, har na kai Kaduna.

Komawa gida

Washegari Ubangiji ya kira shi. A motar coci muka dawo, yana baya cikin akwati, ina gaba ina kuka ina nuna wa direba hanya. Mun shiga Kafanchan da yamma. Na gode wa matar teburin nan, da nas-nas, da zumuntar mata da suka tare ni a ƙofa. Allah ya saka musu.

Saura abu ɗaya, rubuta. Da na dawo da maganin nan ina haki, na ba shi labarin ungozoma, ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya kama hannuna ya ce, "Kin ga, ba ki ɓata ba. Je ki ci abinci, Saratu, kin fi ni kama da mara lafiya."